Ceɗiyar gida: yadda aka zana salsalar wani dangi a Maraɗi

Sana'ata rubutun allunan shaguna ce da zayyanar allon sauka, a nan Maraɗi. Aikin da zan yi bayaninsa shi ne mafi girma da aka taɓa ba ni. Wani Alhaji ɗan kasuwa, mai ɗauko kayan masarufi ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, ya nemi in zana masa bishiyar danginsu, a sa ta cikin gilashi, a rataya a babban gidansu ranar taron zumuncin da suke yi bayan Sallar Layya. Ba zan ambaci sunan kowa daga mutanen gidan ba, don da wannan sharaɗi suka yarda in rubuta. Na ga ya dace in rubuta ne saboda irin wannan aiki ya fara samun masu nema, kuma yawancin masu ba da shi da masu karɓarsa suna ɗauka aikin alƙalami da launi ne. Alƙalami da launi su ne suka fi sauƙi a cikinsa.

Abin da Alhaji ya zo da shi

Abu biyu ya kawo. Na farko hoto ne a wayarsa wanda ɗansa ya samo a intanet: bishiyar Turawa, miji ɗaya da mata ɗaya a gindi, rassa suna rabuwa bi da bi har sama, kowane suna da ɗan hoton fuska. Na biyu littafin 'yan lakkol ne, wato makarantar boko, wanda ya cika da sunaye da hannunsa, tun daga kakansa har jikokinsa, kuma dukkansu maza. Buƙatunsa uku ne: zanen ya yi girma, ya yi kyau, kuma saiwarsa ta kai gidan sarautar Katsina.

Maganar hotunan fuska ba ta ɗauke mu lokaci ba. A cikin dangin akwai 'yan Izala, akwai 'yan ɗariƙa, akwai waɗanda ba ruwansu, kuma Alhaji ba ya son abin da wani zai ƙi zama a ƙarƙashinsa. Na tuna masa abin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa wani mai zane ya tambayi Ibn Abbas game da sana'arsa, ya ce masa in dai sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Muka tsaya a kan itace, ganye, rubutu da ado. Ko tsuntsu ba a sa ba.

Na karɓi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, na kuma kafa sharaɗi guda wanda na ƙi sassautawa: zan yi gwajin farko da fensir a kan takardun buhun siminti da na haɗa da gam, kuma tawada ba za ta taɓa takardar gaske ba sai babba daga kowane ɓangaren gidan ya ji an karanta masa sunayen ɓangarensa ya ce ya yarda. Alhaji ya ga kamar jan rai ne. Ya ce shi ne ke biya, kuma ya san danginsa. Na ce masa, "Alhaji, kai za ka biya, amma su za su karanta."

Zaman Gwaggo

Littafin Alhaji yana da giɓi a sama, wajen 'ya'yan kakan, don haka ya kai ni wurin ƙanwar mahaifinsa a unguwar Bagalam. Ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yan kakan. Ba ta kiran Alhaji da sunansa, saboda sunan mahaifinta aka sa masa, sai dai ta ce "mai sunan Malam". Ba ta karatun boko, idonta kuma ya yi rauni, sai wata jikanyarta malamar lakkol ta shimfiɗa takardar a tabarma ta dinga karanta mata sunayen reshe bayan reshe. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ba. Sannan ta juyo wajena ta ce, "Malam, wanga icce naka, maza kaɗai sunka haihe shi?"

Alhaji ya ce, "Gwaggo, ai nasaba ta uba ce."

Ta ce, "Nasaba ta uba ce, mai sunan Malam, ba wanda ya ce a'a. To hwaɗa mini, mi ya raba ubanka da Baban Tasawa? Ba uba guda ba ne?"

Ta sa aka kawo mata gyaɗa a faifai. Ta kasa ta kashi shida a kan tabarma, kowane kashi ɗakin mace ɗaya daga matan mahaifinta: uwargida, da matan aure uku da suka biyo baya, da wata da aka rabu da ita bayan ta haifi biyu, da kuma ta shida wadda ta ambata da murya ƙasa-ƙasa. Daga kowane kashi ta dinga janye ƙwaya ɗaya tana faɗin suna, ta faɗi wa ya aura, a ina ya zauna, wa ya haifa. In ta zo kan wanda ya rasu yana jariri sai ta ajiye ƙwayar a gefen kashin, ba ta mayar da ita faifai ba. Da ta zo ɗan farinta ta tsallake sunan, ta ce "wancan", jikanyar ce ta faɗa mini. Sunan mijinta ma haka. Kafin la'asar sunayen da ke hannuna sun ninka na littafin Alhaji fiye da sau uku.

A wannan zama na gane cewa tsarin da ke wayar Alhaji ba zai ɗauki wannan gida ba. Gidan Bahaushe mai mata da yawa ɗaki-ɗaki ake ƙirga shi. Uba shi ke haɗa kowa, amma in kana son ka san me ya sa waɗannan suka yi kasuwanci tare, waɗancan suka koma Tasawa, wane ya riƙe 'ya'yan wane, sai ka bi ɗakunan. Zanen da ya cire uwaye zai nuna maka mutum ashirin da wani abu a jere ƙarƙashin suna ɗaya, ba zai faɗa maka komai a kansu ba. Alhaji bai yi musu mai tsawo ba. Ya ga da idonsa cewa rabin abin da bai sani ba game da gidansu yana bakin mace, kuma 'yan'uwansa mata ne ke tara kuɗin abincin taron da za a rataya zanen a cikinsa.

Wane itace

Alhaji kuka yake so, saboda girma. Wani ƙanensa manomi ya kawo shawarar gawo, wanda duk manomin ƙasar Maraɗi ya san darajarsa a gona, yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Na gwada su duka a fensir, kuma duka suka gaza a wuri ɗaya: auren zumunci. A wannan gida jikan ɗakin uwargida ya auri jikanyar ɗaki na uku, 'ya'yansu kuma ɗaya ta auri ɗan ɗaki na biyu, kuma irin haka ya faru fiye da sau goma. Reshen kuka in ya rabu ya rabu ke nan. In na rubuta mutum sau biyu, wajen uwa da wajen uba, lissafi ya ɓaci kuma wuri ya ƙare.

Ceɗiya ce ta warware matsalar. Kowa ya san ta a ƙofar gidajen manya, ya kuma san yadda take sako saiwoyi daga rassanta suna saukowa. Sai na yi gangar jiki ɗaya da sunan kakan, manyan rassa shida da sunayen matansa, sannan duk inda aka yi auren zumunci na sako siririyar saiwa daga reshen matar zuwa reshen mijin. 'Ya'yan suna reshen ubansu, kamar yadda Alhaji ya ce, amma mai kallo zai iya bin saiwar da yatsa ya koma ɗakin da uwarsu ta fito. 'Ya'ya mata da suka yi aure a waje an rubuta su a reshen ubansu, da sunan mijin a ƙarami, da 'ya'yansu zuriya ɗaya kawai. Dole a tsaya a wani wuri, in ba haka ba rabin Maraɗi zai shigo.

Girman rassan ya zama magana. Ɗakin uwargida ya fi kowa yawa, ɗakin wadda aka rabu da ita mutum biyu ne suka fito daga cikinsa. Na bar tsawo da yaɗuwa su bi yawan jama'a, don ba yadda za a yi, amma kaurin gindin rassan shida na auna shi daidai wa daida, kuma kowace uwa na yi mata da'irar zayyana iri ɗaya. Na jera su daga dama zuwa hagu bisa shigowarsu gidan, wanda abu ne da ba mai gardama a kansa. 'Yan ubanci ba ya mutuwa da mutuwar kishiyoyi, kuma mutum zai iya auna reshen kakarsa da ido daga bakin ƙofa.

Ta shida sa-ɗaka ce. Manyan gidan sun sani, matasa da yawa ba su sani ba. Wani daga ɗakin uwargida ya same ni a shago ya ce ya kamata a bambanta reshen, ko da launi ne, "don tarihi". Na ƙi, na kuma kai maganar gaban Alhaji da limamin da dangin ke jin maganarsa. Liman ya faɗi abin da ke cikin fiƙihu: ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, nasabarsa da gadonsa daidai da na ɗan matar aure. Ni a ganina, ko ba fatawa, zanen da zai sa yarinya ta tsaya gaban bango ta ga an yi wa kakar kakarta launin daban bai cancanci a biya kuɗi a kansa ba. A ƙasar nan har yanzu maganar asali tana hana aure. Reshe na shida ya fita kamar sauran biyar.

Saiwar da Alhaji ya so

Nan ne muka fi daɗewa. Tarihin garin a bayyane yake. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta na Haɓe suka yi gudun hijira, Ɗan Kasawa ya zauna Damagaram kafin ya zo ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajajen 1819, shi ya sa har yau sarautar garin ake ce mata Sarkin Katsina. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri kusa da nan bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Kusan kowane tsohon gida a Maraɗi yana da labarin kakan da ya zo a cikin wannan ƙaura, kuma labarin, in ya daɗe yana yawo a baki, mabiyin sarki yakan koma ɗan'uwan sarki.

Gwaggo ta san sunan kakanta da na mahaifin kakanta. Daga nan sai labari. Abin da ta ji daga mahaifinta shi ne mutanensu marina ne daga Katsina, sun biyo sarki da sana'arsu, kuma karofinsu yana tsohon gari, a kwari, bakin Gulbi. Ba ta taɓa jin an ce su jinin sarauta ne ba. Na roƙi Alhaji mu tambayi wani dattijo daga maroƙan fada, irin waɗanda ke riƙe da jerin sarakuna da 'ya'yansu a ka. Ya saurari sunayen, ya yi wa gidan kirarin marina nan take, ya ce ya san su, amma ba ya da inda zai ɗaura su a jikin gidan Korau, wato tsohon gidan sarautar Katsina.

Alhaji bai ji daɗi ba. Ya ce in zana kawai, wa zai bincika. Na ce masa 'ya'yan sarki suna garin nan, sun san junansu, kuma wata rana ɗayansu zai shigo falon nan cin abinci. Ban ce masa ƙarya yake so ba, don ba na jin haka ne. Ya girma yana jin abin a bakin wani kawunsa, ya kuma gaskata. Muka yi matsaya: a cikin saiwoyin ƙasa na rubuta sunaye biyun da Gwaggo ta tabbatar da baƙar tawada, ƙarƙashinsu kuma da jar tawada na rubuta cewa an ce kakanninsu marina ne da suka fito Katsina tare da jama'ar Ɗan Kasawa. Ƙa'idar ta zama ta dukan zanen: baƙi abin da mutum biyu suka tabbatar ko takarda ta nuna, ja abin da aka ji. Gefen zanen gaba ɗaya na yi masa shuɗin baba, na rubuta kirarin da maroƙin ya yi a jikin gangar. Ranar taro wannan kirari ne tsofaffi suka fi maimaitawa.

Shekaru ma haka aka bi da su. Takardun gidan na da, in ma akwai, sun tafi a ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya ci tsohon gari, Faransawa suka mai da mutane kan tudu inda garin yake yanzu da titunansa miƙaƙƙu. Takardun haihuwar tsofaffi kuwa, waɗanda aka yi musu a kotu bayan sun girma, galibi "wajajen shekara kaza" suke ɗauke da shi. Gwaggo ba ta ƙirga da lamba, da aukuwa take ƙirgawa. Mahaifinta yana saurayi a yunwar Kakalaba, wato 1913 zuwa 1914. Ita kuma tana fira da haƙori lokacin da ruwa ya ci gari. Mahaifin Alhaji ya bar rini ya shiga sayen gyaɗa kafin 'yancin kai na 1960, ya yi arziki, ya kuma yi asara a farin 1973 da 1974. Wane an haife shi shekarar da Kunce ya karɓi mulkin Nijar, wance an yi mata aure a yunwar 1984, wadda mutanen nan ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a mulkin Janar Buhari. Na rubuta waɗannan aukuwa a tsaye a gefen dama, daidai da tsayin zuriyar da ta gan su, sai zanen ya samu ma'aunin lokaci ba tare da na ƙaga wa kowa ranar haihuwa ba.

Wanda ya tashi a gidan, da waɗanda suka sha nono ɗaya

Akwai wani dattijo da kowa ke ce wa Baba, wanda littafin Alhaji ya sa a cikin 'ya'yan wani yayan mahaifinsa. Gwaggo ta ce agola ne, uwarsa ta shigo da shi yana goye. Ya yi shekara sittin da wani abu a cikin dangin, shi ke raba goro in ana ɗaurin aure, shi ke shiga kabari in an yi rasuwa. Cire shi cin fuska ne. Rubuta shi a matsayin ɗa kuma ya saɓa wa aya ta 5 a Suratul Ahzab, wadda ta ce a kira su da sunan ubanninsu, sannan akwai gonakin gado a hanyar Madarumfa da ba a gama rabawa ba.

Na ce ba ni zan yanke wannan ba, ba kuma Alhaji ba. Aka je aka same shi. Ya ce ya san ubansa, yana yi masa addu'a kullum, kuma bai taɓa neman taƙi ɗaya a gonar gidan ba. Abin da yake so kawai kada jikokinsa su zo taro su duba bango su rasa kansu. Ceɗiya da dashe ake shuka ta, sai na zana ƙaramar ceɗiya a ƙarƙashin reshen wanda ya riƙe shi, tana da gindinta da sunan mahaifinsa na gaskiya, rassanta suna shiga cikin inuwar babbar. 'Ya'yan riƙo, waɗanda 'yan dangi ne aka bai wa gwaggo ko kawu, sun zauna a reshen iyayen da suka haife su, da ƙaramin rubutu "riƙon wance". A can ƙasa, da shawarar liman, na rubuta layi ɗaya: wannan zane na zumunci ne, ba hujjar rabon gado ba.

Abu ɗaya ne Gwaggo ta nace a kai wanda ba wanda ya yi tunaninsa, shi ne shayarwa. A gida mai yawa, in uwa ta yi ciwo ko ta rasu, wata ke ɗaukar jaririn ta ba shi nono, kuma ba a rubutawa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ko sau ɗaya nono ya isa cikin jariri a shekarun shayarwa, haramcin aure ya tabbata, kamar yadda aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta lissafa uwayen shayarwa da 'yan'uwan shayarwa cikin waɗanda ba a aura. Ga gida mai yawan auren zumunci, ga mace ɗaya tilo da ta san wa ya sha nonon wa. Ta ce, "In na kwanta dama, wa za ku tambaya?" Ta lissafa guda bakwai, biyu daga ciki ko waɗanda abin ya shafa ba su sani ba. Na sa su da ɗige-ɗigen koren layi daga jaririn zuwa matar da ta shayar da shi. A wurina wannan koren layi ya fi duk adon da ke takardar amfani, kuma duk wanda ya zo mini da irin wannan aiki nan gaba, tambayar shayarwa za ta kasance cikin na farko da zan yi.

Jariran da suka rasu, waɗanda Gwaggo ke ajiye ƙwayarsu a gefe, maza sun ce a bar su don wuri. Mata suka ce a'a. Wata da ta yi wabi ta ce ta haifi tara, uku ne suka rayu, kuma ba ta yarda a nuna ta da uku ba. Na yi musu ƙananan ganye, da suna in an riga an raɗa, babu suna in bai kai bakwai ba. Matattu manya ban yi musu busasshen ganye ba, ɗan ɗigo ne kawai a gefen suna, wanda za a iya ƙara wa kowa in lokacinsa ya yi ba tare da an ɓata zanen ba.

Rubutu, tawada, takarda

Dangin suna ɓangare biyu na iyaka, wasu a Maraɗi da Yamai, wasu a Katsina da Kano. Misali, mutum uku masu sunan kaka ɗaya, sai ka ga ɗaya katinsa ya ce Oumarou, ɗaya Umar, ɗaya Ummaru. A Nijar kuma sunan uba ne ke zama suna na biyu, don haka yana sauyawa kowace zuriya, ba a iya bin dangi da shi. Na rubuta kowane suna da ajami a sama, a rubutun Magaribi irin na allo, wanda tsofaffin ɓangarorin biyu ke karantawa, sannan da boko a ƙasa yadda mai sunan ke rubuta abinsa. Laƙabi ya zama dole, don akwai mata da yawa masu sunan uwargida da duk ake ɓoye sunansu, kuma akwai Tanko da Auta da Gambo waɗanda ko 'ya'yansu sai sun yi tunani kafin su tuna sunan yanka.

Takardar mai kauri ce, girman A0, wato santimita 84 da 119, kuma da ƙyar ta isa. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro ba ta yi a nan, don an yi ta ne ta wanku. Na yi amfani da baƙar tawadar kanti wadda ruwa ba ya ɗaukarta in ta bushe, amma da alƙalamin kara na rubuta ajamin, don shi ke ba da kaurin da ido ya saba da shi. A kusurwoyi huɗu na sa dagi. Kafinta ya yi katako da gilashi, muka toshe bayan saboda ƙurar hunturu da gara, aka kuma zaɓi bangon da rana ba ta bugu. A ƙarshen kowane reshe na bar fararen ganye ga waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Karatun gwaji ya ɗauki lokaci fiye da zanen kansa. An gyara jerin haihuwa a wurare da dama, an samo wata 'ya da aka manta gaba ɗaya saboda ta yi aure Agadas tun tana ƙarama, an kuma ƙara reshe ɗaya da jar tawada na wani ɗan kakan da ya tafi hajji a ƙasa, aka ji ya zauna Sudan, labari ya yanke. Kuɗin da muka yi ciniki a kai na zane ne, bai haɗa da wannan zirga-zirga ba. Alhaji ya ƙara mini da kansa, amma mai zanen da zai karɓi irin wannan aiki ya raba farashinsa biyu tun farko, na bincike daban, na zane daban.

Bayan an rataya

Matsala ta ƙarshe ta taso ne daga waya. An ɗauki zanen a na'ura don a buga wa ɓangaren Kano da Yamai nasu, sai matasa suka so su sa shi a zauren WhatsApp na dangi. Wani magidanci ya ce bai yarda sunayen matansa da 'ya'yansa mata su yi yawo a wayoyi ba. Wata ma'aikaciyar banki a cikin dangin ta ƙara da cewa sunan uwa da na kaka suna cikin abin da 'yan damfara ke nema. Duka biyun suna da gaskiya. Aka yi kwafi iri biyu: cikakke, wanda ake bugawa a takarda a bai wa babban kowane ɗaki hannu da hannu, da taƙaitacce na waya, wanda ya tsaya kan jikokin kakan, ba koren layi, ba ƙaramar ceɗiya.

Littafin da na tara bayanan a ciki, da wa ya faɗi me, ba a hannuna yake ba. Na miƙa shi ga jikanyar Gwaggo, malamar lakkol, bisa yardar manyan ɗakuna shida. Ita ke rubuta haihuwa da aure da rasuwa da shayarwa cikin shekara. Yarjejeniyarmu ita ce kowace shekara kafin Sallar Layya a sauke zanen, a buɗe bayan katakon, in cika sababbin ganye, a biya ni bisa yawan sunayen. Reshen ɗakin uwargida ne zai fara cika, kuma na riga na gaya wa Alhaji cewa in ya cika ba za a matsa rubutu ba, sabuwar takarda za a buɗe wa wannan ɗaki shi kaɗai, da sunan uwargidan a gindi.